Ƙofa a Buɗe Take, Amma Wa Ke Iya Shiga?

Mazaunin Wuro Patuji a cikin garin Mubi, idan ciwo ya kama shi, Keke Napep ya ishe shi zuwa asibiti, ya kuma yi wa likita bayani da Hausa ko Turanci. Tsohuwar da ta sauko daga duwatsun ƙasar Fali ko Gude kuwa, sai ta sayar da akuya kafin ta kama hanya. In ta iso, ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo sai ta bakin jikanta, akwai kuwa ciwon da mace ba ta faɗa a gaban jika. Kuɗin kati ɗaya ne, layi ɗaya ne, ba wanda ya kore ta. To, an yi mata adalci ke nan?

Littafin Ayyukan Manzanni sura 6 ya nuna cewa wannan matsala tsohuwa ce. A Urushalima, gwaurayen mata masu jin Helenanci ne ake tsallakewa wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su kāre kansu da cewa ƙofa a buɗe take ga kowa ba. Sun sa jama'a su zaɓi mutum bakwai, dukansu kuwa masu sunayen Helenanci ne. Wato an danƙa hidimar a hannun mutanen da ake mantawa da su.

Wannan yanki ma ya taɓa bin wannan hanya. A shekarun 1970, kafin taron Alma-Ata na 1978, shirin Lafiya na Ekklesiyar 'Yan'uwa ya riƙa horar da ma'aikatan lafiya a Garkida. Ƙauye ne ke zaɓen mutanensa, su koyo, su koma gida su koyar da tsabtar ruwa da kula da yara ta wurin labari da waƙa, cikin harshen da aka haife su da shi.

Lokacin da Boko Haram ta kama Mubi a watan Oktoba 2014, kowa ya ɗanɗana zama nesa da magani. Gari ya farfaɗo, amma ga na kan dutse nisan bai ragu ba.

Saboda haka kada ikkilisiya ta auna aikin lafiyarta da yawan waɗanda suka zo. Ta tambayi waɗanne ƙauyuka ne ba sa bayyana a littafin asibiti, ta ɗauki nauyin karatun 'ya'yansu a aikin jinya da ungozoma. Wanda bai iso layi ba, shi ma maƙwabci ne.