GARUN UNGUWARMU: KIRISTA DA AL'AMURAN ƘARAMAR HUKUMA

Karatu: Nehemiya 3:1-32, 5:14-19

Akwai surori a Littafi Mai Tsarki waɗanda mukan tsallake a lokacin sujadar iyali, domin jerin sunaye ne masu wuyar faɗa. Sura ta uku ta Littafin Nehemiya tana cikinsu. Amma wanda ya yi haƙuri ya karanta ta a hankali zai ga yadda mutanen Allah suka ɗauki aikin garinsu, har garun Urushalima da ya daɗe a rushe ya tsaya cikin kwana 52.

Eliyashib babban firist ne ya fara, shi da 'yan'uwansa firistoci, a Ƙofar Tumaki. Maƙeran zinariya da masu haɗa turare, waɗanda hannuwansu ba su saba da dutse ba, suka karɓi rabonsu. Shallum, mai mulkin rabin gundumar Urushalima, ya fito tare da 'ya'yansa mata. Malkiya, shi ma mai mulkin gunduma ne, Ƙofar Juji ce ta faɗo masa, ya kuwa gyara ta. Sau da dama marubucin ya nuna cewa mutum ya gyara sashin da yake fuskantar ƙofar gidansa. Manyan Tekowa kaɗai aka rubuta cewa sun ƙi sa hannu. Talakawansu kuwa suka gama sashi ɗaya, suka ƙara na biyu.

Garunmu a yau shi ne rijiyar burtsatsen da ta lalace tun bara, da kwalbatin da ruwa ya cinye, da ajin firamaren da iska ta yaye wa rufi, da ɗakin shan maganin da mace mai naƙuda za ta tarar a kulle da dare. Mun iya zancen Abuja ƙwarai. Bayan sujada za ka ji dattawa a gindin bishiya suna warware al'amuran fadar shugaban ƙasa dalla-dalla, amma ka tambaye su sunan kansilan mazaɓarsu, sai a dubi juna.

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Jihar Filato tana da 17, Binuwai 23, Taraba 16, Nasarawa 13. Gyaran da aka yi a 1976 ne ya ba su tsari iri ɗaya a duk ƙasar, Tsarin Mulki na 1999 kuma ya tanadi cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe su. Ya kuma lissafa ayyukansu: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Wato daga ranar da aka haifi ɗanka har ranar da za a kai ka kushewa, kana hannun wannan hukuma. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu na asusun tarayya kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Sai dai hukunci ba ya gina kwalbati. Ko ta wace hanya kuɗi suka iso, in ba mai tambayar inda suka shiga, za su bi tsohuwar hanyarsu.

Wani zai ce, ai mu baƙi ne a duniya, me ya haɗa mu da siyasar unguwa? Waɗanda aka kwashe zuwa Babila sun fi mu baƙunci, duk da haka Ubangiji ya umarce su ta bakin Irmiya (29:7) su nemi alherin birnin da suke zaman bauta a ciki, su kuma yi masa addu'a, domin zaman lafiyarsu yana ɗaure da nasa. Kwalara ba ta tambayar addinin mai gida kafin ta shiga. Rijiyar da muka gyara tare da maƙwabtanmu Musulmi, 'ya'yanmu da nasu ne za su sha, kuma mutanen da suka yi aikin gayya tare da safe ba su cika saurin ɗaukar makami a kan juna da yamma ba. Mu da muka ga abin da rikici ya yi wa garuruwanmu bai kamata mu rena wannan ba.

Yanzu ga 'yan'uwanmu da suke riƙe da muƙami, ko kansila, ko ma'aji, ko mai karɓar kuɗin rumfa a kasuwa. Aikinku ba abin kunya ba ne a gaban Allah. Bulus ya isar da gaisuwar Arastas, ma'ajin birni, tare da ta sauran tsarkaka (Romawa 16:23). Amma ku dubi Nehemiya. Shekara 12 ya yi yana gwamnan Yahuza, bai karɓi abincin da doka ta ba gwamna ba, domin ya ga nauyin da yake kan jama'a. Gwamnonin da suka riga shi sun matsa wa mutane, har barorinsu ma suna taka talakawa. Shi kuwa ya ce tsoron Allah ne ya hana shi. Abin da ya bari halal ɗinsa ne. Balle kuɗin allurar rigakafi ko albashin malaman makaranta?

A nan dole ikkilisiya ta dubi kanta. Ranar da aka rantsar da ɗanmu, mukan yi sujadar godiya, wannan daidai ne. Mako bai zagayo ba sai takardun gayyata su fara sauka: Zumuntar Mata za ta ƙaddamar da sabon zane, mawaƙa suna neman kayan kiɗa, ginin gidan fasto ya tsaya, kuma shi ne babban baƙo a kowanne. In ya ba da abin da albashinsa zai iya ɗauka, sai a fara gunaguni cewa ya manta da gida. In ya ba da abin da ya fi ƙarfin albashinsa, sai guɗa ta tashi, ba kuwa wanda zai tambaye shi inda ya samo. Ta haka muke tura 'ya'yanmu sata da hannunmu, sa'an nan mu hau bagade mu yi wa'azi a kan cin hanci. Tayil ɗin da aka shimfiɗa a majami'a da kuɗin rijiyar unguwa ba baiko ba ne da Ubangiji zai karɓa.

Saboda haka ina roƙon majalisar dattawan kowace ikkilisiya, kafin fitowa ta gaba ta wannan mujalla, ta gayyaci kansilan mazaɓarta, Kirista ne ko Musulmi, tare da mai unguwa. Kada a ajiye tiren baiko a gabansa. A ba shi kujera da ruwan sha, a yi masa addu'a, sa'an nan a tambaye shi cikin ladabi abin da aka sa wa mazaɓar a kasafin kuɗin bana, da wanda aka ba kwangilar, da ranar da za a gama. Magatakarda ya rubuta amsoshin, a karanta su a sanarwar ranar Lahadi. Abin da bai kai a jira hukuma ba, kamar yashe lambatu kafin damina, matasa su sa rana su fito da cebur, dattawa da fasto kuma su riga su isa wurin.