AN KAYAR DA KAI? TASHI, DA SAURAN WASA

Ya ɗan'uwa mai karatu, ko ka taɓa faɗuwa irin wadda take sa mutum ya ji kunyar fita ƙofar gida? Ko kuwa a gidanku akwai wanda dā ba ya fashin sujada ran Lahadi, yau ga shi in ya hangi fasto sai ya sake hanya? In haka ne, wannan 'yar takarda taku ce. Ka tara iyalinka da maraice ka karanta musu. Za mu fara da labarin waɗansu samari a ƙasa mai nisa, sa'an nan mu buɗe Littafi Mai Tsarki.

WANI IRIN ƘWALLO A AMURKA

A ƙasar Amurka akwai wani wasan ƙwallo dabam da wanda yaranmu suke bugawa a filin lakwal. Ƙwallon dogo ne, kamar 'yar gwanda mai tsini biyu. Mutum 11 ne a kowane gefe. Ana rungumar ƙwallon a ruga da shi, ko a jefa wa ɗan'uwa, abokan hamayya kuma suna ƙoƙari su cafke mai ƙwallon su kayar da shi kamar a filin kokowa. Ana ba gefe ɗaya zarafi huɗu su ci gaba yadi 10. In sun kasa, ƙwallo ya koma hannun waɗancan. Wanda ya kai ƙwallon ƙarshen fili ya sami maki 6. Wanda ya buga shi da ƙafa ya bi ta tsakanin sanduna biyu ya sami maki 3. Manyan makarantu, wato jami'o'i, suna da ƙungiyoyinsu, 'yan makaranta ne kuma suke wasan. Sukan fara a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, wasa ɗaya a mako, yawanci ran Asabar, har wasa 12 kafin a shiga na neman kofi.

RANAR KUNYA

A shekara ta 2016, samarin Jami'ar Jihar Pensilbaniya, wadda ake kira Penn State, suka tafi garin Ann Arbor domin su kara da Jami'ar Mishigan. Ran 24 ga Satumba ne. Mutum fiye da 100,000 suna kallo a filin. Manyan masu tsaron Penn State guda uku suna jinyar rauni, ba su shiga ba. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Mishigan tana da maki 28, Penn State ba ta da ko ɗaya. Aka tashi 49 da 10.

Wannan shi ne wasansu na huɗu, shi ne kuma kaye na biyu, gama Jami'ar Pitsbag ta riga ta ci su 42 da 39. Mutane suka fara cewa shekarar ta lalace. Mako na gaba, ran 1 ga Oktoba, Minesota ta zo gidansu. Da aka kai rabin lokaci Minesota tana da 13, su suna da 3. Mutanensu na gida suka yi musu ihu, waɗansu suna kira a kori mai horar da su, James Franklin.

Samarin nan suka komo fili. Saura daƙiƙa kaɗan a tashi suka rama, maki ya zama 23 da 23. Aka ƙara lokaci, wani saurayi mai suna Saquon Barkley ya ruga da ƙwallo yadi 25 har ƙarshen fili, suka ci 29 da 26.

Ran 22 ga Oktoba sai ga Jami'ar Jihar Ohayo, wadda a lokacin ake lissafta ta ta biyu a ƙasar duka. Biyu daga cikin masu tsaron nan sun warke sun dawo. Da aka shiga kashi na ƙarshe na wasan, Ohayo tana gaba 21 da 7. Can wajen ƙarshe Ohayo ta buga ƙwallo tana neman maki 3, Marcus Allen ya yi tsalle ya tare shi, Grant Haley ya ɗauka ya ruga yadi 60. Aka tashi Penn State 24, Ohayo 21. Ran 3 ga Disamba, a Indiyanapolis, Wiskonsin ta yi musu nisa 28 da 7, suka bi ta suka ci 38 da 31, suka ɗauki kofin ƙungiyoyin yankinsu. Tun daga ranar kunyar nan, wasa 9 suka ci a jere.

Kada wani ya ce Allah yana goyon bayan wata ƙungiyar ƙwallo. Misali ne muka kawo, yadda manzo Bulus ya yi wa Korintiyawa misali da masu tsere da masu dambe. Abin da muke so ka riƙe shi ne wannan: ran 24 ga Satumba an kayar da su, amma da sauran wasa 8 a gabansu.

ISRA'ILA MA TA SHA KAYE

Ka buɗe littafin Joshuwa sura 7. Isra'ilawa sun haye Urdun, garun Yariko ya faɗi a gabansu. Sai ga wani ƙaramin gari, Ai. 'Yan leƙen asiri suka raina shi, suka ba da shawara kada a wahalar da jama'a duka. Aka aika wajen mutum 3,000. Mutanen Ai suka fatattake su, suka kashe wajen 36. Zuciyar jama'a ta karai. Joshuwa ya kyakketa tufafinsa, ya faɗi rubda ciki a gaban akwatin alkawari har maraice.

Ubangiji bai bar shi nan kwance ba. Ya umarce shi ya tashi, ya nuna masa akwai zunubi a cikin zango. Daga wannan labari, da na samarin nan, bari mu koyi abu huɗu.

NA FARI: KA DUBI ABIN DA YA KAYAR DA KAI

Al'adar ƙungiyoyin nan ce, bayan kowane wasa su zauna su kalli hotonsa mai motsi. A nan kowa yana ganin inda ya bar wurinsa, da inda ya saki mutumin da ya kamata ya riƙe. Zaman ba shi da daɗi, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A zangon Isra'ila aka bincika kabila kabila, gida gida, har aka iso kan Akan. Ya ɗauko kyakkyawar riga ta Shinar, da azurfa shekel 200, da sandan zinariya mai nauyin shekel 50, ya binne a cikin alfarwarsa. Abin da mutum ɗaya ya binne ya sa gidaje da yawa makoki.

Kai fa, me ka binne? Wataƙila yaronka ya yi ciwo, tsoro ya kama ka, ka tafi wurin boka da dare, layar tana nan a rataye cikin ɗaki. Wataƙila ka koma shan giya ran kasuwa. Wataƙila an ba ka ajiyar hatsin ikilisiya ka taɓa. Wataƙila matar wani ce, ko mijin wata. Kada ka ɗora wa talauci, ko makwabci, ko matarka. Ka kira abin da sunansa a gaban Allah. Wasiƙar Yohanna ta fari, sura 1, ta tabbatar mana Allah ba ya ƙin gafarta wa mai furta zunubinsa. In akwai abin mayarwa, ka mayar. In akwai abin ƙonewa, ka ƙone.

Amma ka lura, ba kowace faɗuwa ce take zuwa saboda zunubi ba. Ayuba ya rasa dukiya da 'ya'ya, ba kuwa don ya yi laifi ba ne. In fari ya ƙone maka shuka, ko ɗiyarka ta faɗi jarrabawa, kada ka yarda wani ya ce maka lalle Allah yana fushi da gidanka. Ka bincika zuciyarka da gaskiya. In ba ka sami abin da ka binne ba, ka dogara ga Ubangiji ka sake shuka.

NA BIYU: KADA KA DAƊE A ƘASA

A dare ɗaya almajirai biyu suka faɗi. Yahuza ya bashe Ubangijinsa a kan azurfa 30. Bitrus ya yi musun saninsa sau uku a bakin wuta. Dukansu biyu sun yi baƙin ciki. Yahuza ya ɗauki nasa baƙin cikin ya tafi shi kaɗai, ya hallaka kansa. Bitrus ya yi kuka mai zafi, amma ya zauna tare da 'yan'uwa. Bayan tashin Yesu daga matattu, a bakin tekun Tibariya, Yesu ya hura wuta, ya ba su gurasa da kifi, ya tambayi Bitrus sau uku a kan ƙaunarsa, ya sake danƙa masa kiwon tumakinsa. Ran Fentikos, wannan Bitrus ɗin ne ya yi wa'azi, wajen mutum 3,000 suka ba da gaskiya.

Shaiɗan yana da ƙarya biyu. Kafin ka yi zunubi yakan ce maka ba komai, ƙaramin abu ne. Bayan ka yi sai ya ce maka taka ta ƙare, Allah ba zai ƙara dubanka ba. Ƙarya ta biyu ta fi kashe mutane. Muddin kana numfashi, ba a busa ƙahon tashi ba.

NA UKU: KADA KA WARE KANKA

Grant Haley ne ya ruga yadi 60, amma da Marcus Allen bai tare ƙwallon ba, da bai sami abin ɗauka ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sa'ad da Isra'ila ta koma Ai, a sura 8, Ubangiji ya ce wa Joshuwa kada ya ji tsoro, ya kuma tafi da mayaƙa duka. A karon nan suka ci garin.

Wanda ya faɗi yakan guji sujada saboda kunya, alhali a lokacin ne ya fi bukatar 'yan'uwa. Ka je wurin fasto ko wani dattijon ikilisiya mai riƙe asiri, ka gaya masa. Ran Lahadi ka shiga, ko a bayan kowa ne ka zauna.

Ku kuma 'yan ikilisiya, ga taku. Kuna cikin masu ihu a kori mutum, ko kuna cikin masu ɗaga shi? Bulus ya gargaɗi Galatiyawa, a sura 6, su komo da wanda aka kama da laifi cikin tawali'u, kowa yana lura da kansa. Uba, in ɗanka ya dawo daga birni hannu wofi, kada ka yi masa gori a gaban ƙannensa. Uwa, in surukarki ta yi kuskure, kada ki kai maganar bakin rijiya. Yahaya Markus ya gudu ya bar Bulus da Barnaba a Bamfiliya, har Bulus ya ƙi sake tafiya da shi. Barnaba ya riƙe shi. Daga baya Bulus da kansa ya aika a zo masa da Markus, domin yana da amfani a gare shi.

NA HUƊU: KA YI AIKIN YAU

An san James Franklin da koya wa samarinsa su sa ido a kan wasan makon da suke ciki kaɗai. Ba wanda ya taɓa cin wasa 9 a rana ɗaya. Haka nan kai ma. Kada ka zauna kana lissafin shekarun da za ka yi ba ka sha ba. Ka wuce rumfar mai giya yau. Ka yi addu'a da iyalinka yau. Ka biya abin da ka iya daga bashin nan a kasuwa mai zuwa. Yesu ya koya mana mu roƙi abincin yini, kada kuma mu ɗauko damuwar gobe mu aza a kan ta yau.

RAWANIN DA BA YA LALACEWA

To, ina ƙarshen labarin samarin nan? Ran 2 ga Janairu 2017, a Fasadena ta jihar Kalifoniya, suna gaba 49 da 35, Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta bi su ta ci su 52 da 49 a daƙiƙar ƙarshe. A watan Oktoba 2025 kuma, bayan kaye uku a jere, jami'ar ta sallami James Franklin daga aiki. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Bulus ya faɗa wa Korintiyawa cewa masu tsere suna wahalar da jikinsu saboda rawanin da zai bushe, namu kuwa madawwami ne.

Ga kuma babban bambanci. Samarin nan da ƙarfin jikinsu da horo suka tashi. Mai zunubi ba ya iya ta da kansa. Akan ya mutu saboda laifinsa a kwarin Akor, gama hakkin zunubi ke nan, mu ma abin da ya cancance mu ke nan. Amma Yesu Almasihu, wanda bai yi zunubi ba, ya ɗauki hukuncinmu a kan gicciye. Ran Jumma'ar nan maƙiyansa suka yi tsammani sun gama da shi. A rana ta uku ya tashi. Tun dā Allah ya yi alkawari ta bakin annabi Hosiya zai mai da kwarin Akor ɗin nan mashigar bege. Wurin da ka faɗi, nan ne Yesu yake so ya sadu da kai.

In kana so ka komo, ka durƙusa ka yi addu'a kamar haka:

Ya Ubangiji Yesu, na faɗi, ba ni da hujja. Ga abin da na ɓoye, na kawo maka. Ka wanke ni da jininka, ka ta da ni, ka ba ni Ruhunka Mai Tsarki domin in yi tafiyar yau. Ka ba ni zuciyar ɗaga ɗan'uwana in shi ma ya faɗi. Amin.

TAMBAYOYI DOMIN IYALI

1. Me ya sa Isra'ila ta sha kaye a Ai, me kuma Joshuwa ya yi kafin su koma?
2. Mene ne bambancin baƙin cikin Bitrus da na Yahuza?
3. Wane ne a ƙauyenku ya daina zuwa sujada? Wa zai je ya gaishe shi a makon nan?

In ka gama karantawa, ka ba makwabcinka.