Uban Yaro Mai Sikila: Tawakkali Ne Ko Sakaci?

 

Ya kai ɗan'uwa matashi, da kai nake, ko ka yi aure ko kana shiri. A garuruwanmu na Ikara da Makarfi da Kudan ba baƙon abu ba ne ka ga yaro mai amosanin jini, wato sikila: ido ya yi ɗorawa, jiki bai kai na sa'anninsa ba. Idan hunturu ya kama sai ya kwana yana kururuwa, ƙashi kamar ana sara. Uwa na riƙe da shi har asuba. To uban fa? Sau da yawa ko yana majalisa yana cewa ƙaddara ce, ko ya hau babur ya nufi gidan boka. Shin wanda ya ce ƙaddara ce ya naɗe hannu, tawakkali ya yi ko sakaci?

Ba a hukunci kan abin da ba a sani ba. Ciwon nan ba maita ba ne, ba aljanu ba ne, ba kuma wabi ba ne. A jini yake. Ƙwayar jinin mai lafiya tana da laushi, tana aiki wajen kwana 120. Ta mai sikila takan lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Maƙalewar ce ke kawo azaba, saurin mutuwar ke kawo ƙarancin jini. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da shi kowace shekara a Nijeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinsa, lafiyarsa ƙalau. Su ake kira AS.

To ka saurara da kyau. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi rabi daga uwa, rabi daga uba. Ke nan mutumin da ya dubi matarsa ya ce jinin gidansu ne, wallahi ya yi mata ƙazafi, domin rabin abin daga jikinsa ya fito. Wani har saki yake yi, ya tura ta gidan iyayenta da majinyaci a baya, shi kuwa ya sake sabon aure. Wani bai saki ba, amma ya bar mahaifiyarsa da 'yan'uwansa mata suna yi mata habaici safe da yamma, yana ji ya yi gum. Wannan zalunci ne biyu, na mata da na ɗa, kuma za a tambaye shi. Ba a ce ka ɗaga wa mahaifiyarka murya ba. Ka zauna ka yi mata bayani da ladabi, ka ce, Inna, likita ya ce ni ma ina ciki.

Mu koma kan ƙaddara. Babu shakka Allah ne Ya ƙaddara. Amma lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake, sai ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Ka fi Umar tawakkali ne? Kuma ya inganta cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi umarni da neman magani. Kai kanka ka san haka. A 2016 da tsutsa ta faɗa wa tumatir a Jihar Kaduna, wane manomi ne ya ce ƙaddara ce ya koma gida ya kwanta? Injin ban-ruwa ya lalace a gonar rake, kafin azahar an nemo makanike. Sai a kan ɗan da ka haifa ne tawakkalinka ke tashi? Wannan ba tawakkali ba ne, rowa ce aka sa wa rawani.

Shi kuwa mai zuwa wurin boka ya yi asarar kuɗi da addini gaba ɗaya. A karɓe masa baƙar akuya, a ɗaura wa yaro laya da guru, a kira wanzami ya tsattsaga cikin yaron da dama jini bai ishe shi ba. Ka yi wa ɗanka addu'a da abin da ya tabbata a Sunna, ka tofa masa, sa'an nan ka saɓa shi sai asibiti.

Jinyar nan tana cikin ciyarwar da Shari'a ta ɗora maka, ba alfarma ba ce. Ya sha ruwa da yawa, ya kwana cikin gidan sauro, a rufe masa jiki da hunturu, kada a tura shi cikin ruwan fadama da sassafe. A cika masa allurar riga-kafi. Maganin da likita ya ɗora shi a kai, irin su folik asid da fenisilin, kada a yanke don an ga ya yi kwana biyu yana wasa. Akwai hydroxyurea mai rage yawan tashin ciwon, amma likita ne ke ba da shi tare da awon jini, ba a sayensa da ka a kemis. Idan zazzaɓi ya zo, ko tafin hannu ya yi fari fat, ko numfashi ya yi wuya, ko gefe ɗaya na jiki ya saki, a ranar ake tafiya, ba a jiran ranar kasuwa. Abin da ya fi ƙarfin asibitin gari, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Kuma tun yanzu ka san 'yan'uwanka na masallaci masu AA da za su ba da jini idan an nema. Warkewa gaba ɗaya kuwa akwai ta hanyar dashen ɓargo, an fara yi a Benin a 2011, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancinmu.

Saura kai da ba ka yi aure ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na fitowa SS. Ka lura, kowane ciki aka ce. Ana iya jera uku. Maƙwabtanmu Kano sun kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, amma kai kada ka jira doka. Ka yi awon naka tun yau, a wuri biyu, don akan yi kuskure. Ita ma a nemi nata tun kafin manya su shiga magana, ba sai an kai lefe an raba goro ba, lokacin da fasawa ta zama abin kunya ga gida biyu.