Gurbin Karatun Likita Haƙƙin Wa Ne?

Duk shekara, da zarar JAMB ta saki sakamako, akwai wasu iyaye da ke sallama a gidana. An san na yi aikin jinya har na ajiye, don haka ana zaton ina da ƙafa a asibitin koyarwa. Yaransu sun ci maki mai kyau, 280 ko fiye cikin 400, suna son karatun likita, kuma kowa ya san guraben ba za su isa ba. Maganarsu kusan ɗaya ce: "Hajiya, yaron nan ya ci, haƙƙinsa ne, a taimaka kada a danne masa." Ba ni da hanyar da suke zato, ba na kuma neman ta. Amma tambayar da suke bari a zuciyata ta fi ƙarfin gurbin yaro ɗaya. Shin wanda ya fi maki shi ne mai haƙƙi a kan wannan kujera? Idan ba shi ba ne, to wane ne?

Ga yadda abin yake a wurinmu. Yaro zai kawo kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji. Zai rubuta JAMB a darussa huɗu. Sannan jami'a ta yi tata tantancewar, wadda aka fara a 2005, aka soke a 2016, aka dawo da ita a 2017. Sai a haɗa waɗannan a fitar da lamba ɗaya, kowace jami'a da irin lissafinta. A jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na guraben maki zalla ake bi, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar ne, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a karatun boko. A saman duk wannan akwai hukumar likitoci ta MDCN da ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta. Ganawa ido da ido kuwa, wadda a Amurka da Ingila da Kanada da wuya a shiga makarantar likita ba a yi ta ba, mu nan ba ta da wani tasiri.

Ma'aunin ɗaukar mutum aiki da na tashi da shi yana cikin Suratul Ƙasas, inda 'yar dattijon nan na Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, saboda abu biyu da ta gani a tare da shi, ƙarfi da amana. A kan waɗannan biyun Ibnu Taimiyya ya gina bayaninsa na naɗa mutane a muƙamai, ya kuma nuna cewa kowane aiki da irin ƙarfinsa: na mai jagorantar yaƙi jarumta ce da dabara, na alƙali sanin hukunci da iya zartar da shi. Ƙarfin likita ilimi ne, da ƙwaƙwalwar da za ta ɗauke shi.

Saboda haka ba na cikin masu raina maki. Na tsaya a kan mace mai ciki da jijjiga ta kama a ɗakin haihuwa. Allurar da ke ceton ranta ita ce kuma ke iya tsayar mata da numfashi idan aka zarce ƙima. Na ga jariri ɗan kilo biyu da ake lissafa ruwan da za a ƙara masa, kuskuren lamba ɗaya ya isa a rasa shi. A irin wannan lokaci kirkin likita ba ya amfanar kowa idan bai san abin da yake yi ba. Musulmi sun daɗe da sanin haka. A shekara ta 931, bayan wani majinyaci ya mutu a Bagadaza sakamakon kuskuren mai magani, Halifa Muƙtadir ya hana kowa duba marasa lafiya sai Sinan ɗan Sabit ya jarraba shi, aka jarraba mutum fiye da 860. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, wanda ke ɗora diyyar ɓarna a kan duk wanda ya shiga harkar magani alhali ba a san shi da ita ba. Jarrabawa a wannan sana'a kariya ce ga rayukan mutane, kuma duk wanda aka shigar da shi ƙasa da ƙa'ida an zalunce shi, an kuma zalunci waɗanda zai taɓa.

Sai dai akwai iyakar abin da lamba za ta iya faɗa. Tsakanin mai 300 da mai 200 akwai bambancin da za a gani a aji. Tsakanin mai 291 da mai 287 fa? Tambaya ɗaya ce ko biyu, wataƙila kwamfutarsa ce ta tsaya na ɗan lokaci, wataƙila da zazzaɓi ya shiga ɗakin. Wataƙila kuma ɗayan ya yi wata shida a wurin lesin da ake bitar tsofaffin tambayoyi, ɗayan kuwa makarantarsu ta ƙauye ba ta da malamin Fiziks, kwamfuta ma sai da jarrabawa ta matso ya fara taɓa ta. Ban ma shiga zancen makarantun da ake rubuta wa yara amsa a allo ba. Duk da haka a kan wannan 'yar tazara ake cewa wannan ya cancanta, wancan bai cancanta ba, har shi wanda ya samu ya shiga da tunanin cewa ya fi sauran mutane.

Amana kuwa lamba ba ta ganin ta sam. Ƙarfe uku na dare ka aika a taso likitan da ke bakin aiki. Wani ya zo yana murza ido, ya duba majinyaci da hannunsa. Wani ya aiko cewa a ci gaba da abin da ake yi, da safe ya rubuta a fayil kamar ya zo. Wani idan abu ya fi ƙarfinsa sai ya ce a kira babba, wani kuma ya yi ta kame-kame har lokaci ya ƙure, sannan ya ɗora wa nas laifi. Tsohuwa ta zo daga ƙauye da 'yan kuɗinta a ƙulle a bakin zani, wani ya rubuta mata maganin da zai yi aiki kuma za ta iya saya, wani ya nuna mata hanyar asibitinsa na kuɗi. Dukkansu sun ci jarrabawa. A cikin waɗanda ba sa tasowa da dare har da waɗanda aka ce su ne zakarun ajinsu.

To me zai hana a riƙa ganawa da yaran kafin a ɗauke su, a karanci halinsu? Wani abu da ya faru a Amurka ya isa ya sa a yi hattara. A 1979 majalisar jihar Texas ta umarci makarantar likita ta jami'ar jihar da ke Houston ta ƙara yawan ɗalibanta daga 150 zuwa 200, bayan an riga an gama zaɓe. Dole aka koma kan waɗanda masu ganawa suka ajiye can ƙasa, aka ɗauko 50. Da aka bi sawunsu, aka wallafa sakamakon a 1987, ba a ga wani bambancin kirki tsakaninsu da zaɓaɓɓun farko ba, a aji ko a gaban majinyata ko a shekarar farko ta aiki. Abin da manyan malamai suka ɗauka sun hango a fuskar yaro cikin rabin sa'a, ashe ba su hango komai ba. Mu nan matsalar za ta ninka. Wanda ya tashi a gidan da ake Turanci zai burge kwamiti, 'yar da aka tarbiyyantar a kan sunkuyar da kai gaban manya za a ce ba ta da ƙwarin gwiwa. Kuma duk ƙofar da aka rufe mutum uku a bayanta aka ce su ba da maki yadda suka ga dama, mai uwa a gindin murhu ne zai fara shiga.

An ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyadina Umar yana shaidar kirkin wani mutum, sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa shiga tsakaninsu. Duk ya ce a'a, Umar ya ce masa ai bai san mutumin ba. Ita ma 'yar Madyana ba tambayoyi ta yi wa Annabi Musa ba. Ta gan shi yana shayar musu da dabbobi, ta ga yadda ya mu'amalance su.

Jami'ar McMaster ta Kanada ta rage wannan illa a farkon shekarun 2000, da ta raba ganawar zuwa gajeru wajen goma, kowace 'yan mintuna, kowace da mai tantancewa daban, don kada ra'ayin mutum ɗaya ya yanke wa yaro hukunci. Idan za mu aro wani abu, wannan ya fi, kuma ni da zan sa a zaunar da yaro gaban dattijuwar da ba ta jin Turanci, ya yi mata bayanin yadda za ta sha magani sau uku a rana. Amma nauyinta ya zama kaɗan. Ta iya tsame wanda rashin kunyarsa ko taurin zuciyarsa ya fito fili, ba ta iya jera mutanen kirki daga na ɗaya zuwa na ɗari.

Amsar tambayata na same ta ne a wurin Imam Gazali. A cikin littafinsa Ihya ya lissafa ilimin likitanci a farillan da ake kira farilla ta kifaya, har ya yi kuka da garuruwan da ke cike da masu karatun fiƙihu amma babu likita Musulmi ko ɗaya. Farilla ta kifaya nauyi ne a wuyan al'umma gaba ɗaya, wanda ya ɗauka kuma a madadinsu ya ɗauka. Idan haka ne, kujerar nan ba ladan ƙoƙarin yaro ba ce. Mai haƙƙi a kanta shi ne majinyacin da zai kwanta gaban wannan yaro nan da shekara goma, kuma masu zaɓe wakilansa ne. Haƙƙin yaro shi ne a auna shi da ma'aunin da aka sanar tun farko, kada a cuce shi.

Da wannan idon nake kallon kason yanki da mutane ke yawan suka. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2010 ta shawarci ƙasashe su riƙa ɗaukar ɗaliban da suka tashi a karkara, domin su suka fi yiwuwar komawa can su yi aiki. Haka nan duk wadda ta yi aiki a ɗakin mata a ƙasar Hausa ta san yawan matan da ke ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu, don kawai ba sa son namiji ya duba su. Idan yarinya daga ƙaramar hukumar da ba ta da likita mace ta haye ƙa'ida, ɗaukarta biyan haƙƙin waɗannan matan ne. Sharaɗin dai shi ne ta haye, kuma a ɗaga ƙa'idar sama sosai. Kason da ke ƙarewa a hannun 'ya'yan manya da ba su taɓa kwana a ƙauyen da aka rubuta musu ba, cin amana ne sau biyu.

Idan waɗanda suka haye sun fi guraben yawa, kuma babu abin da ya bambanta su sai rabin maki, ni ban ga laifin ƙuri'a ba. Ƙasar Holan ta yi amfani da ita wajen ɗaukar ɗaliban likita tun daga shekarun 1970 har zuwa 2017, tana ba mai babban maki ƙarin dama, kuma a 2023 ta sake halatta ta. Wani zai ce caca ce. Malaman fiƙihu sun bambanta su: ƙuri'a hanya ce ta raba gardama idan masu nema sun yi daidai. Da ita aka fitar da wanda zai riƙi Nana Maryamu, da ita Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake zaɓar wadda zai yi tafiya da ita cikin matansa. Ƙuri'ar da aka jefa a bainar jama'a ba ta karɓar takardar wani babba. Wanda ya samu zai san rabo ne ya tsaga, wanda ya rasa kuma ba za a ce masa ya gaza ba.

Duk da haka, a bakin ƙofa ba za a gama tantance amana ba. Wani bincike da Dakta Maxine Papadakis ta jagoranta, aka wallafa a 2005, ya duba likitoci 235 da hukumomin Amurka suka hukunta, aka koma kan takardunsu na makaranta. Waɗanda aka taɓa rubuta wa rashin ɗa'a suna ɗalibai sun ninka sauran sau uku wajen yiwuwar fuskantar hukunci daga baya, musamman masu sakaci da aiki da masu ƙin karɓar gyara. Alaƙar hukuncin da ƙarancin maki ba ta kai haka ƙarfi ba. Wato halin ya bayyana tun a makaranta, an gani, an rubuta, aka kuma bar su suka wuce.

Shekara shida ɗalibi yake yi a hannun malamansa, kusan rabinsu a cikin ɗakunan majinyata. A nan ne maƙwabtaka da tafiya da mu'amalar da Umar ya tambaya suke cika. Roƙona ga malaman asibitocin koyarwa, daga Shika zuwa Kano, Sakkwato da Maiduguri, shi ne su ba hali maki na gaske, wanda zai iya hana ɗalibi wucewa kamar yadda faɗuwa a jarrabawar sassan jiki ke hana shi, ko ɗan wane ne. Kafin kuma ku sa hannu a takardarsa, ku tambayi nas-nas da ungozomomin da suka yi aikin dare da shi. Sun san wanda ke tasowa idan an kira shi.