Kwanon Wake da Amanar Jiki

Karatu: Daniyel 1:8-16, Romawa 14:1-4

Ko kana jin kunya idan baƙo ya tarar da wake a kwanonka maimakon nama? Ko kuwa ka bar nama da gangan, har kana ganin ka fi masu cinsa tsarki? Kunyar da fahariyar duka ba su da wuri a zuciyar mai bi.

A Babila, Daniyel da abokansa 3 sun ƙi abincin sarki, suka roƙa a gwada su da kayan lambu da ruwa kwana 10. Da kwanakin suka cika, sun fi sauran samarin kyan jiki. Abin da Ubangiji ya girmama shi ne niyyarsu ta kada su ƙazantar da kansu. Manzo Bulus kuma ya gargaɗi ikkilisiyar Roma kada mai cin nama ya raina mai cin ganye, kada mai cin ganye ya hukunta mai cin nama. Allah ya karɓi dukansu biyu.

Abinci ba ya ƙara maka tsarki, amma jikinka da na iyalinka amana ne. In ba nama a gidanka, ko don rashi ko don zaɓi, hakkin ciyar da su da kyau yana wuyanka. Tuwo zalla yana cika ciki, amma bai isa ya gina jikin yaro ba.

Allah bai bar mu haka ba. Kusan kashi 1 cikin 4 na busasshen wake da na gujiya sinadarin gina jiki ne, wanda likitoci ke kira furotin. A waken suya ya wuce kashi 1 cikin 3, shi ya sa awara take da amfani. Abin da hatsi ya rasa wake yana cikawa, don haka shinkafa da wake, ko koko da ƙosai, ba abin rainawa ba ne. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli yana taimakon jini, musamman in an matsa masa lemun tsami.

Sai dai ka lura da abu ɗaya. Bitamin B12 ba a dogara da tsiro a same shi. Rashinsa yana kawo ƙarancin jini, yana lalata jijiyoyi. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara sun fi shiga haɗari. In ba a shan nono ko cin ƙwai a gidanka, je asibiti ka nemi ƙwayarsa. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne. Kada ka sa ɗanka ya biya kuɗin alkawarin da kai ka ɗauka.

Addu'a: Ya Uba, mun gode maka domin abincin yau. Ka ba mu zuciya mai godiya, da hikimar kula da waɗanda ka danƙa a hannunmu. Cikin sunan Yesu, Amin.