Bagaden da Aka Gusar

Ɗan'uwa mai karatu, idan ka tsaya a bayan gari a Unguwar Ya ka fuskanci kudu, can bayan gonakin gero da dawa akwai duwatsun ƙasar Ningi. Mu a yau hanyar kasuwa da ziyara muke gani a wannan kusurwa. Mutanen da suka riga mu zama a ƙasar nan kuwa da fargaba suke dubanta. Tun daga tsakiyar ƙarni na 19, bayan Malam Hamza ya bar Tsakuwa ta ƙasar Kano ya hau waɗannan duwatsu, mayaƙan Ningi suka yi ta kai hari kudancin Kano, har da wajajen Birnin Kudu da Gwaram, kusan shekara hamsin. Rundunar Kano ita ma takan fito, ta ƙone, ta kama bayi a cikin mutanen dutse. Manomin da ke tsakani, wanda birnin Kano ya yi masa nisan kwanaki a ƙasa, tambaya biyu ce ke hana shi barci: wa zai zo ya cece mu? In kuma ya zo, da me za mu biya shi?

Tambaya ta farko kowa yana yinta da ƙarfi. Ta biyun ce ake yi a hankali, ko kuwa a ƙi yinta sam, domin wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. A kanta nake so mu zauna, ni da kai.

Kada ka ce wannan zancen mutanen dā ne. Tun ranar 24 ga Fabrairu 2022 da Rasha ta afka wa Yukren, kai ma ka ji zafin yaƙin a kuɗin taki da na burodi. Ƙasar nan ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada, a kan alkawarin da Amurka da Birtaniya da Rasha suka sa wa hannu a Budapest a 1994 cewa za su girmama iyakokinta. Ɗaya daga cikin masu alkawarin ne ya ƙwace Kirimiya a 2014, shi ne kuma ya dawo da tankoki. Da ta juya ga sauran, sun ba ta makamai da kuɗi, ba don haka ba da wuya ta tsaya da ƙafarta. Amma a watan Maris na 2025 Amurka ta dakatar da taimakon na 'yan kwanaki, a ƙarshen Afrilu kuma aka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta shafi ma'adinan ƙasar. Ban ga laifin wanda aka shiga gidansa da wuta ya yi kururuwa ba. Abin da nake so ka lura shi ne, mai kururuwa ba shi ne yake yanka farashi ba.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin wani sarki da ya shiga irin wannan matsi. Ka buɗe Sarakuna na Biyu sura 16, ka haɗa da Ishaya sura 7. Ahaz yana sarautar Yahuza sa'ad da Rezin sarkin Suriya da Feka sarkin Isra'ila suka haɗa kai suka kewaye Urushalima, da niyyar tuɓe shi su naɗa nasu. Kada mu yi saurin raina tsoronsa. Sarakuna biyu ne a bakin ƙofa, ɗayansu ma ɗan'uwa ne na jini. Annabi Ishaya ya tarar da shi a bakin magudanar ruwa ta tafkin tudu, inda mai shirin zaman kewaye ya kamata ya kasance, domin birnin da ba shi da ruwa ba ya kwana uku. Saƙon da annabin ya kawo mai sauƙi ne: ka natsu, waɗannan biyun wutarsu ta kusa mutuwa. Har Ubangiji ya ba shi zarafin roƙon alama. Ahaz ya ƙi, da bakin mai tsoron Allah, wai ba zai gwada Ubangiji ba. Ni dai ina ganin ya riga ya yanke shawara, ba ya son jin abin da zai warware ta.

Ya aika wa Tiglat-filesar sarkin Assuriya, ya kira kansa bawansa, ɗansa kuma. Ya kwashe azurfa da zinariya na Haikali da na fāda ya haɗa da saƙon. Dabarar kuwa ta ci. Assuriya ta zo, Dimashƙu ta faɗi wajen shekara ta 732 kafin haihuwar Almasihu, aka kashe Rezin, Urushalima ta numfasa. Da a ce masanan yaƙi aka tara, da sun yaba masa: ya sa babban kifi ya haɗiye ƙananan da suka dame shi, ba tare da ya rasa mayaƙi ko ɗaya ba.

Sai ka bi shi zuwa Dimashƙu, inda ya je gaishe da mai cetonsa. A can ya ga wani bagade da ya ba shi sha'awa. Ya aiko wa Uriya firist da zanensa da awonsa, kafin ya dawo gida an gina irinsa a Haikali. Bagaden tagulla na Ubangiji kuwa, wanda yake a gaban Haikali, aka gusar da shi zuwa gefen arewa. Ba a farfasa shi ba, ba a jefar da shi ba. An dai matsar da shi, aka ce hadayun safe da na yamma a kan sabon za a riƙa miƙa su. Nassin bai ce sarkin Assuriya ya umarta a gina wannan bagade ba. Wannan shi ne abin da ya fi tsorata ni a cikin labarin duka. Azurfa da zinariya farashi ne da aka sani, an auna, an biya. Bagaden kuwa ƙari ne da Ahaz ya yi don kansa, domin zuciyar mutum takan karkata zuwa inda ta ga ceto ya fito. Firist kuma bai ce uffan ba. Aikin gini ya karɓa, ya gama shi a kan lokaci.

Ƙasarmu ta Hausa ta ga irin wannan da idonta. Sa'ad da Turawan Ingila suka ci Kwantagora a 1901, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya gudo arewa da mayaƙansa, ya yi ta ɓarna a ƙasar Zazzau. Sarkin Zazzau Kwasau, da ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya nemi taimakon Turawa. Suka zo a 1902, suka kama Nagwamatse, suka kafa bariki a Zariya, ba su kuma koma ba. Kafin shekarar ta ƙare an ɗauke Kwasau daga garinsa, a 1903 aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a gurbinsa, shi kuwa a Lakwaja ya ƙare kwanakinsa. Daga Zariyar nan ce rundunar Kanar Morland ta tashi, ta bi ta Bebeji, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903. Nagwamatsen da aka kira su dominsa fa? Sun mayar da shi sarautar Kwantagora, ya zauna a kai har rasuwarsa a 1929. Wanda ya kira mai ceto ya rasa gadonsa, wanda aka kira a kansa ya sami nasa.

Ba zan ɗora wa Kwasau laifin da ya fi ƙarfinsa ba. Turawa suna tafe, ko ya kira ko bai kira ba, talakawansa kuma ana kamewa a gonakinsu. Dole kuma in faɗi abin da ya shafe mu, mu masu bi. Zuwan Turawa ya tsayar da harin bayi da ya hana ƙasar nan sakat, ta hanyar da aka buɗe kuma daga baya masu bishara suka iso, ko da yake gwamnatin Turawan ta daɗe tana hana su wa'azi a cikin masarautu. Allah yana iya fitar da alheri daga yaƙin da masu yinsa ba don shi suka yi ba. Wannan bai wanke bindigar da aka harba a Bebeji ba, bai kuma ba mu izinin cewa duk mai ƙarfin da zuwansa ya amfane mu manzon Allah ne ba.

To, za ka ce, ke nan mai bi ya naɗe hannu, ya ƙi kowane taimako, ya jira mala'iku? Littafi bai koya mana haka ba. Abram yana da abokan alkawari, Mamre da Eshkol da Aner, tare da su ya bi sarakunan da suka kama Lutu, ya raba mutanensa da dare ya faɗa musu. Nehemiya ya karɓi wasiƙu da katako da mahayan dawakai daga sarkin Farisa. Bulus, da ya ji an ƙulla kashe shi, ya aika ɗan 'yar'uwarsa wurin shugaban sojan Roma, aka raka shi da mutum 470 ya fita Urushalima da dare. Hezekiya ɗan Ahaz ya haƙa hanyar ruwa a cikin dutse, wadda tsawonta ya haura mita 500, har yau tana nan. Shiri da dabara da neman aboki ba rashin bangaskiya ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma ka duba Abram bayan nasara. Sarkin Saduma ya ce ya riƙe dukiyar, Abram ya ƙi karɓar komi domin kansa, don kada wani ya tashi gobe ya ce shi ya yi shi. Abokansa kuwa ya bar su su ɗauki rabonsu. Ya san abin da ake rabawa da aboki, ya san kuma abin da ba a sa wa kuɗi. Ahaz tun a layin farko na wasiƙarsa ya ba da abin da ba nasa ba ne, domin sarkin Yahuza bawa ne, ɗa ne kuma ga Wani tun kafin a haifi Tiglat-filesar.

Bari in sauko da zancen zuwa tabarmar da muke zaune. Mu ba mu da runduna, amma mun san matsi. Ikilisiya ƙarama a cikin ƙauye takan ji kamar an kewaye ta: gardamar fili, shanu a gona da kaka, 'yar da aka ɗauke hankalinta, takardar izinin gini da ta ƙi fitowa. Na taɓa zama a taron dattawan wata ikilisiya, ba zan ambaci garin ba, inda ake rikicin iyakar fili da maƙwabta. Wani babban mutum daga birni ya aiko cewa zai tsaya mana, zai kawo lauya, zai kuma rufa mana ɗakin sujada da kwano. Abu biyu kawai yake so: a ambaci sunansa a kan bagade kafin zaɓe, kuma dattawa biyu su ba da shaida cewa iyakar ta wuce wata bishiyar kuka, alhali dukanmu mun san ba ta kai ba. Aka yi shiru mai tsawo. Ina cikin waɗanda suka fara lissafin kuɗin kwano a zuci, ba zan ɓoye maka ba. Wani tsoho ne, wanda bai iya karatu ba, ya tambaya ko bayan an rufa ɗakin za mu iya koya wa yara doka ta tara a ƙarƙashinsa. Ba mu karɓa ba. Mun yi damina biyu muna matsar da benci daga inda rufi ke yoyo, wani yanki na filin da muke ganin namu ne kuma ya tafi. Ba zan ce maka an mayar mana da shi ninki biyu ba, domin ba a mayar ba. Maƙwabtan nan dai har yau muna gaisawa, suna zuwa mana jana'iza, muna zuwa musu suna.

Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Saboda haka kafin ka miƙa hannu, ka tambayi mai taimako abin da yake so, ka tambayi kanka kuma abin da za ka ƙara masa ba tare da ya roƙa ba. Sau da yawa ba za a ce ka bar Almasihu ba. Za a bar maka shi, a gefen arewa. Sai ka ga wa'azi ya fara kewaye wasu zunubai saboda mai su ne ya sayi janareta. Sai ka ga addu'ar ikilisiya ta koma roƙon nasarar jam'iyya. Sai ka ga maƙwabcin da aka umarce ka ka ƙaunace shi ya zama abokin gaba, don kawai abokin gaban mai taimakonka ne. Wannan na ƙarshe shi ya fi yawa a cikin ƙawancen ƙasashe da na ƙauyuka: kana karɓar aboki tare da maƙiyansa, waɗanda ba su taɓa yi maka komi ba.

Wata rana kuma kai ne za a zo wa. Gwauruwar da ɗanta ke hannun hukuma, ko manomin da tsaba ta ƙare masa ana gab da shuka, zai tsaya a ƙofarka, a shirye ya sa hannu a kan kowace takarda. A ranar nan kai ne Assuriya. Yana iya miƙa maka gonarsa jingina, ko ƙuri'arsa, ko 'yarsa, ko ma ya ce zai fara zuwa sujada idan ka fitar da shi. Kada ka karɓi ko wannan na ƙarshen. Basamariyen nan na misalin Yesu ya biya mai masauƙi, ya yi alkawarin cika sauran, ya kama hanyarsa, ba mu ji ya tambayi sunan wanda ya ɗauka ba.

Labarin Ahaz bai ƙare da mutuwarsa ba. Wajen shekara talatin bayan faɗuwar Dimashƙu, a 701 kafin haihuwar Almasihu, Assuriyar nan da aka gayyato ta dawo a ƙarƙashin Sennakerib, ta ci biranen Yahuza masu garu ɗaya bayan ɗaya. Hezekiya ya kankare zinariyar ƙofofin Haikali ya aika, duk da haka rundunar ta iso Urushalima. Jakadan sarkin Assuriya ya zo ya tsaya ya yi wa mutanen birni ba'a da harshensu, yana tambayarsu ga wa suke dogara. Ka duba Ishaya sura 36 ka ga inda ya tsaya: a bakin magudanar ruwa ta tafkin tudu, daidai wurin da annabi ya taɓa tare Ahaz. Yaran da suke wasa a bakin ruwan nan a zamanin Ahaz, su ne magidantan da ke zaune a kan garu a ranar, suna saurara, an kuma umarce su kada su amsa.