Gandu ko Gamana: Ɗan Jarida da Albashinsa

Yau zancenmu na ƴan jarida ne, amma bari mu fara daga gona, don nan kowa ya fi ganewa.

Ka san gandu, ka kuma san gamana, wadda waɗansu ke ce wa gayauna. Saurayin da ke cikin gandun ubansa ba shi ke zaɓen gonar da za a nome da safe ba. Inda maigida ya nuna, nan zai sa hauya. Amma tuwonsa na dare tabbas ne. Maigida ke biya masa lanho, in aure ya tashi maigida ke ɗaukar nauyi. Ran da ya ce ya fita gandu, komi ya noma nasa ne. In damina ta yi gardama kuwa, yunwar ma tasa ce.

To, haka yake ga masu rubuta labarin na'urorin zamani, wato salula, da kwamfuta, da intanet, da kamfanonin da ke ƙera su. Akwai wanda ke aiki a gidan jarida, wata ya mutu ya karɓi albashi. Akwai kuma mai zaman kansa. Shi wannan ba ya da maigida. Ya rubuta labari, ya kai wa gidan jaridar da ke so, a biya shi kuɗin wannan labari kaɗai, ko kuwa masu karatu su riƙa biyansa kai tsaye. A Amurka, inda manyan kamfanonin nan suke, ƴan jarida da dama sun ajiye albashi sun koma zaman kansu. In an tambaye su dalili, sai su ce ƴanci suke nema. Ni kuwa tambayata ita ce: ƴancin nan, daga hannun wa aka karɓo shi, kuma wa ke biyan kuɗinsa?

Kada ka ce ina ruwanka da rigimar mutanen Amurka. Tun da Celtel ta kawo salula ƙasarmu a 2001, ta zama Zain a 2008, ta zama Airtel a 2010, na'urar nan ta shiga aljihun makiyayi da ɗan kasuwa da mai tallar fura. Da ita ake jin farashin hatsi, da ita ake kiran ɗan da ya tafi cin rani. Amma cikinmu wa ya san abin da ke cikinta? Wa ya san inda hotonka da lambarka ke zuwa in ka latsa? Sai abin da aka faɗa mana. Kuma yawancin abin da ake faɗa mana a rediyo game da ita, daga alƙalamin waɗancan ƴan jarida ya faro. In alƙalaminsu ya karkace, mu ma za mu sha karkatacce.

Ga labari na fari, wanda ke goyon bayan masu fita gandu. A watan Janairu na 2013 aka yi babban baje kolin na'urori a birnin Las Vegas. Ƴan jaridar wani gida mai suna CNET su aka ɗora wa zaɓen na'urar da ta fi kowace. Suka duba, suka zaɓi wani akwatin talabijin na kamfanin Dish, ana ce masa Hopper. Ashe kamfanin CBS, wanda shi ke da CNET a lokacin, yana shari'a da Dish a kan irin wannan akwati, don yana bari mai kallo ya tsallake talla, CBS kuwa da talla yake ci. Sai umurni ya sauko daga sama: a cire Hopper, a sāke zaɓe. Aka cire, aka sāke. Wani ɗan jaridar gidan, Greg Sandoval, ya ajiye aikinsa saboda wannan.

Ka duba da kyau. Ba wanda ya ce wa mutanen nan su ƙaga ƙarya. An dai hana su faɗin abin da idonsu ya gani. Mai karatun da ya amince da su zai je ya sayi abu bisa maganarsu, bai san akwai hannun maigida a kan bakinsu ba. Wanda ya ga irin wannan ya ce shi ya gaji, gara guntun gatarinsa da sari ka ba ni, ban ga laifinsa ba.

Amma dakata, ga labari na biyu. Wata mata, Elizabeth Holmes, ta kafa kamfani mai suna Theranos. Ta ce ta ƙera na'urar da ke gwada cututtuka masu yawa da ɗigon jini kaɗan daga yatsa. Attajirai suka zuba kuɗi, har aka ƙiyasta darajar kamfanin dalar Amurka miliyar 9. (Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba.) Jaridu suka yi ta yabonta. Sai wani ma'aikacin jaridar Wall Street Journal, John Carreyrou, ya shafe watanni yana bincike, yana zama da tsofaffin ma'aikatan kamfanin. Ya gano na'urar ba ta yin abin da ake faɗa, yawancin gwaje-gwajen ma da na'urorin waɗansu kamfanoni ake yin su. Lauyoyin Theranos suka taso masa, suka taso wa waɗanda suka ba shi labari. Jaridar ta tsaya masa da nata lauyoyin, labarin ya fita a watan Oktoba na 2015. Abin mamaki, mai jaridar da kansa, Rupert Murdoch, ya sa dala miliyan 125 cikin Theranos, amma bai hana a buga ba. A 2022 kotu ta kama matar da laifin zamba, aka yanke mata ɗaurin sama da shekara 11.

Yanzu tambayi kanka. Da Carreyrou mai zaman kansa ne, wa zai ciyar da shi watannin nan da bai sayar da ko layi guda ba? Wa zai biya lauya? Wasiƙar barazana ta fari kaɗai ta isa ta sa mutum ya naɗe tabarmarsa. Ga jinin marasa lafiya ana gwadawa da na'urar da ba ta aiki. Nan albashi da inuwar gidan jarida su suka ba gaskiya ƙafa. Ashe gandu ba kurkuku ba ne kullum. Wani lokaci shi ne katanga.

Mai karatu, ka ga inda abin ya yi wuya. Gida guda ya toshe bakin ƴan jaridarsa don ribarsa, wani gidan ya kare nasa ko da maigidan zai yi hasara. Saboda haka ni ban yarda da mai cewa duk mai albashi bawa ne, duk mai zaman kansa ɗa ne ba. Ƴancin ɗan jarida ba a takardar ɗaukar aiki ake karanta shi ba. Abin da zan auna shi da shi guda ne: ran da aka miƙo masa abin da bai kamata ba, ko aka ce ya yi shiru, yana iya cewa a'a, kuma ya kwana ya tashi da abin kai wa baki?

A nan ne nake jin tsoro ga mai zaman kansa, musamman a wannan fanni. Ɗan jaridar da ke rubutu a kan noma, gero ba ya ba shi toshiya. Amma mai rubutu a kan salula, kamfanin da yake aunawa shi ne ke da kuɗi, shi ke aiko masa da sabuwar na'ura ya gwada, shi ke gayyatarsa taro, shi ke buɗe masa ƙofa ko ya rufe. In yana gidan jarida, akwai edita a kansa, akwai doka a rubuce cewa a mai da na'urar bayan gwaji. In shi kaɗai ne fa? Shi ne marubuci, shi ne edita, shi ne mai neman talla, shi ne kuma mai biyan kuɗin haya ƙarshen wata. Ka ɗauka yau an kira shi bikin buɗe wata sabuwar hanyar aika kuɗi. An ci an sha, da zai fita aka miƙa masa ambulan, aka ce na mota ne. Gobe ya gano kuɗin da suke cira ya fi abin da suka faɗa a talla. Zai rubuta? Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Ya gudu daga maigida guda, ga shi yanzu da iyayen gida goma, kuma ba wanda ya ɗauki nauyin tuwonsa cikinsu.

Za ka ce, to, masu karatu su biya shi mana, ya huta da kamfanoni. Ana yin haka. Casey Newton ya bar jaridar The Verge a 2020, ya riƙa rubuta nasa, masu karatu na biyan dala 10 a wata. Hanya ce mai kyau, ta fi ambulan nesa ba kusa ba. Sai dai mai karatu ma maigida ne, kuma yana da fushi. In ka saba faɗa masa abin da yake so, ran da gaskiya ta saɓa wa ransa sai ya janye kuɗinsa. Maroƙi ba ya da maigida guda, amma ba wanda ya taɓa ce masa mai ƴanci.

Akwai kuma wata magana da masu yabon zaman kai ba su cika tāɓawa ba, ni kuwa ita ta fi tsaya mini a rai. Albashin mutum ba nasa ba ne shi kaɗai. Mu da muka yi makarantar horon malamai mun san wannan tun ran da aka ba mu albashin fari: kafin ya shiga aljihu an riga an raba shi. Buhun tsohuwa a ƙauye, kuɗin lakkol na ƙane, maganin yaro, gudunmawar suna. In mutum ya ce ya ajiye aiki don ransa ya huta da umurnin maigida, shi ke shan daɗin ƴancin, amma watan da ba a sayi labarinsa ba, tukunyar matarsa ce ba ta hau wuta ba. Ba a ajiye masa komi a asusun ritaya, in ya kwanta ciwo ba a biyansa. Jarumtar da wani ke biyan kuɗinta ba tare da an shawarce shi ba, ni ban kira ta jarumta ba. Wanda zai fita, ya zauna da waɗanda ke ci daga hannunsa, ya faɗa musu wata nawa rumbu zai kai su in ba abin da ya shigo. In sun ce sun ji sun gani, to, ya fita da albarkarsu. In ya ɓoye musu, ya fara sana'ar faɗin gaskiya da ƙarya a cikin gidansa.

Amma kada in yi wa albashi kirarin da bai kai ba. Shi ma gandu yana watsewa. Kamfanin Vice, wanda a 2017 aka ƙiyasta darajarsa sama da dala miliyar 5, ya karye a watan Mayu na 2023. A wannan shekara aka rufe BuzzFeed News. Mutanen da suka haƙura da umurni shekara da shekaru don tabbacin ƙarshen wata, sai ga su a waje ba shiri. Wanda ya sayar da bakinsa don albashi, albashin kuma ya gudu, ya yi biyu babu. Don haka mai cewa gara ya dogara da hannunsa tun da wuri, shi ma yana da hujja, kuma in gidan da yake ciki irin na labarin fari ne, zamansa ma na iya zama laifi.

Abin da ya biyo bayan karyewar Vice shi ya fi ba ni sha'awa. Mutum huɗu daga sashen na'urori na gidan, Jason Koebler, da Samantha Cole, da Joseph Cox, da Emanuel Maiberg, suka fita. Ba su watse kowa ya kama gabansa ba. A watan Agusta na 2023 suka haɗa kai suka kafa tasu jaridar, 404 Media. Kowa ya sa dala 1,000, wajen jikka 600 ke nan a kuɗinmu na lokacin. Su ne masu gida, su ne ma'aikata, masu karatu ke biyan mafi yawan kuɗin. Cikin wata shida abin ya fara ɗaukar kansa. Wannan ba gandu ba ne, ba kuma gamana ba. Ya fi kama da gayya. Amfaninsa ba a kuɗi kaɗai yake ba. In ɗaya ya rubuta, akwai ido shida da za su duba kafin ya fita. In aka miƙa wa ɗaya ambulan, akwai mutum uku da zai ji kunyarsu. In ɗaya ya kwanta ciwo, jarida ba ta tsaya ba.

Da wani ƙanena mai wannan sana'a zai zo mini da shawarar ajiye aiki, nan zan nuna masa. Zan ce masa kada ya fita shi kaɗai, ya nemi waɗanda za su iya ce masa ka yi kuskure. Sai dai ba zan ɓoye masa sauran lissafin ba. Mutanen nan huɗu sun fita da sunan da suka yi shekaru suna ginawa a cikin gandun da ya watse, masu karatu sun san su kafin su buɗe ƙofa. Kuma masu karatunsu na da katin banki, suna iya cire kuɗin jarida kowane wata ba su ji ba. Shi kuwa ƙanen nawa, in a Maradi ko Damagaram yake, wanda ya fi bukatar gaskiyarsa shi ne mutumin nan da ke tsaye bakin shago, yana sayen katin waya na dala ashirin, yana kankare lambar da farce a hankali don kada ta goge.